Injin ɗumama gidana ya ƙi tashi ana tsananin sanyi: me zan duba kafin mai gyara ya iso?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da iyalina a birnin Columbus na jihar Ohio a Amurka, kuma wannan ne hunturunmu na farko a gidan da muka saya. Yau da na tashi sallar asuba na tarar gidan ya yi sanyi ƙalau, akwatin bango mai saita zafin gida yana nuna 56 a awon zafi na Amurka (Fahrenheit) alhali a 70 na saita shi. Na sauka ɗakin ƙasa na kashe injin na sake kunnawa, sai na ji ƙara kamar ta fanka, can na ji wani ƙas, bayan ɗan lokaci ya yi shiru. Ya maimaita haka sau uku, daga nan bai sake motsi ba. Injin na gas ne. Muna da yara ƙanana, ga mahaifiyata da ta zo mana daga Kano ba ta jure sanyi. Kamfanin da na kira sun ce sai gobe da yamma. Akwai abin da zan iya dubawa da kaina? Kuma babu laifi mu bar obin ɗin kicin a buɗe, ko mu hura gawayi a kasko kafin su zo?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannu da wannan ɗawainiya, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya raya yaran. Abin da na fahimta daga bayaninka shi ne injin gas ne mai hura iska mai ɗumi ta bututai zuwa ɗakuna, yana karɓar wutar lantarki, yana yunƙurin tashi, amma yana tsayawa a tsakiyar hanya, bayan yunƙuri uku kuma ya kulle kansa. Wannan bayani da ka kawo yana da daraja ƙwarai, domin ya riga ya rage mana fiye da rabin abubuwan da za a zarga. Amma zan fara da tambayarka ta ƙarshe, saboda ita ce ta shafi rai.

Gawayi da obin

Kada ku hura gawayi a cikin gidan nan, ko a ɗakin ƙasa, ko a gareji, ko da an buɗe taga. Kada kuma ku bar obin ko murhun gas yana ci domin ɗumama gida. Na san inda tunanin ya fito, domin ni ma da kaskon garwashi aka raine ni lokacin hunturu, kuma Hajiya za ta ce tun tana yarinya haka ake yi. Sai dai ɗakunanmu na gida iska na shige da fice ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga da rufi, gidan Amurka kuwa an gina shi ne takanas domin kada iska ta fita: gilashi biyu a taga, roba a bakin ƙofa, auduga ta musamman a cikin bango. Gawayi yana fitar da iskar guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar shaƙa ke kama shi sau sama da 200. Mutum yakan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sai ya kwanta ya huta, kwanciyar da wasu ba sa tashi daga gare ta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce sama da mutum 400 ke mutuwa duk shekara a ƙasar ta wannan hanya ba tare da gobara ba. Ita ce dai gubar da muke jin labarin ta kashe iyali guda a Najeriya idan aka shigar da janareta cikin gida da dare. Idan har kuka ga mutum biyu ko uku a gidan suna kukan ciwon kai a lokaci ɗaya, ku fita waje nan take ku kira 911. Ka kuma duba yau ɗin nan ko akwai na'urar gargaɗin wannan iska a kowane hawa na gidan da kusa da ɗakunan kwana, ka danna maɓallin gwajinta ka ji ta yi ƙara.

Abin da za ku iya amfani da shi shi ne hita ta lantarki, ita ma da sharaɗi. A jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, ba ta doguwar waya ba, a bar tazarar ƙafa uku tsakaninta da labule da bargo da katifa, a kashe ta idan za a yi barci. Hita mai wat 1500 tana jan amfiya 12 da rabi, layin ɗaki kuwa galibi amfiya 15 yake ɗauka, don haka hita biyu a layi ɗaya za su kayar da bireka, wato makunnin da ke yanke wuta idan lodi ya yi yawa, ko su zafafa waya. Gobarar da ta tashi a wani dogon bene a unguwar Bronx ta New York ranar 9 ga Janairun 2022, wadda ta ci mutum 17, akasarinsu 'yan asalin Gambiya, daga hitar lantarki ta fara.

Abu na uku kafin ka taɓa komai: idan ka sauka ɗakin ƙasa ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, gas ne ke yoyo. Gas ɗin kansa ba shi da wari, kamfanoni ne ke zuba masa wannan sinadari domin a gane. Kada ka kunna fitila, kada ka kashe, kada ka taɓa injin. Ka fitar da kowa, ka kira kamfanin gas daga waje. Duk abin da zan faɗa a ƙasa na wanda bai ji wannan warin ba ne.

Yadda injin ke tashi

Mutane da yawa suna ɗauka injin ɗumama gida kamar murhu ne, a kunna ya kama. A gaskiya yana bin matakai ne ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya tsallakawa zuwa na gaba sai ya tabbatar na baya ya cika. Wanda ya san jerin nan ya san gyara, domin inda injin ya tsaya nan matsalar take.

Akwatin bangon nan, wanda ake kira tamostat, makunni ne kawai. Idan ɗaki ya yi sanyi ƙasa da lambar da ka saita, sai ya haɗa wayoyi biyu masu ɗauke da ƙaramar wuta ta bolt 24, saƙon ya isa allon sarrafawa da ke cikin injin. Allon sai ya tayar da wata ƙaramar fanka wadda aikinta shi ne jan hayaƙi zuwa waje, ita ce ƙarar farko da ka ji. Akwai wani makunni mai ɗan siririn tiyo da ke auna ko fankar tana jan iska yadda ya kamata. Idan bututun hayaƙi ya toshe, ba zai yarda a ci gaba ba. Idan ya yarda, sai allon ya aika wuta ga ƙyastu, wato wani ɗan sanda da ke yin ja jawur kamar ƙarfe a maƙera cikin kimanin rabin minti. Daga nan bawul ɗin gas ya buɗe, wanda galibi shi ne ƙas ɗin da ake ji, gas ya taɓa ƙyastu ya kama da wuta. A ɗaya gefen kuma akwai wani siririn ƙarfe da ke tsaye cikin harshen wutar, aikinsa ya shaida wa allon cewa lalle wuta ta kama. Idan shaidar nan ba ta iso cikin daƙiƙa kaɗan ba, allon zai rufe gas, domin kada ya tara gas a gidan mutane. Idan ta iso, sai a jira ƙarfen ciki ya yi zafi, bayan rabin minti zuwa minti ɗaya da rabi babbar fanka ta tashi ta hura ɗumi cikin ɗakuna.

Yawancin alluna suna gwadawa sau uku, wasu sau huɗu ko biyar, sannan su kulle na kimanin awa ɗaya ko fiye, ko kuma sai an yanke wuta an maido. Shirun da injinka ya yi bayan yunƙuri na uku ba mutuwa ba ce, kullewar nan ce.

Abin da alamunka ke nunawa

Tunda fankar hayaƙi tana tashi, mun san wutar lantarki tana isa injin, bireka bai faɗi ba, ɗan fis ɗin da ke kan allo bai ƙone ba, ƙofar injin a rufe take daidai, kuma tamostat yana aika saƙonsa. Tunda kuma ana jin ƙas sannan a maimaita sau uku, alama ce mai ƙarfi cewa an wuce matakin auna iska, an kai ga yunƙurin kunna wuta. Saura abu uku ke nan: ko ƙyastu ba ya yin ja, ko gas ba ya zuwa, ko wuta tana kamawa amma ƙarfen shaida ba ya ganinta. Kunne ba zai bambance su ba, ido ne zai bambance.

Kafin ka sake kashe injin, ka durƙusa ka leƙa ɗan gilashin da ke jikin ƙofar ƙasa. Za ka ga wata ƙaramar fitila, ja ko kore ko rawaya, tana ƙyaftawa. Ka ƙirga ƙyaftawar, ka lura ko gajeru ne ko dogaye, ka rubuta, ko ka ɗauki bidiyo da waya. Ina jaddada a yi wannan tun kafin a yanke wuta saboda wasu alluna suna mance laifin da zarar wuta ta ɗauke. Ma'anar ƙyaftawar tana rubuce a takardar da aka manna a jikin ƙofa, ciki ko waje. Kada ka ɗauki ma'anar wani kamfani ka ɗora wa wani, domin ƙyaftawa uku a injin Goodman ba lalle ta zama abin da take nufi a Carrier ko Lennox ko Trane ba.

Bayan haka ka kashe makunnin da ke jikin injin ko kusa da shi, ka jira rabin minti, ka kunna, ka zuba ido ta gilashin sama ko ta tsagogin ƙofa inda wutar ke ci.

Idan ka ga ƙyastu ya yi ja, wuta shuɗiya ta kama, sannan ta mutu bayan daƙiƙa uku zuwa bakwai, to kusan babu shakka ƙarfen shaida ne ya yi datti. A shekarun da na yi ina wannan aiki, babu laifin da na fi tararwa a gidajen da aka kira ni da irin bayaninka kamar wannan, kuma ina kyautata zaton shi ne naka. Yadda ƙarfen ke aiki abin mamaki ne: allon yana aika masa wuta, wutar lantarkin tana ratsa harshen wutar gas ta isa jikin ƙarfen murhun, kuma abin da ke wucewa ƙanƙani ne ƙwarai, kashi kaɗan cikin miliyan na amfiya ɗaya. Saboda ƙanƙantarsa, ɗan farin dattin da ido ma ba ya gani sosai ya isa ya tare shi. Gidajen da injin wanki da na busar da kaya suke ɗaki ɗaya da injin ɗumama sun fi fama da wannan, domin ƙurar tufafi da turirin sabulu da sinadaran wanki suna shiga wutar su bar dauɗa a jikin ƙarfen.

Wannan gyara ne da mai gida mai natsuwa zai iya yi. Ka kashe makunnin injin da birekarsa, ka rufe gas ta hanyar juya hannun bawul ɗin da ke jikin bututu har ya gitta bututun. Ka cire ƙofar sama. Za ka ga bakunan murhu a jere. A gefe ɗaya akwai ƙyastu mai wayoyi biyu, shi kada ka taɓa shi ko kaɗan, domin yana da saurin karyewa kamar alli. A ɗaya gefen akwai siririn ƙarfe mai tsawon yatsa, wani lokaci a lanƙwashe, gindinsa farin tangaran, waya ɗaya tak ke jikinsa, kuma galibi ƙusa ɗaya mai kai shida ta kwatar inci ke riƙe da shi. Ka ɗauki hoto kafin ka kwance. Ka zare shi a hankali, ka riƙe ta gindin, ka goge ƙarfen da lallausan soson ƙarfe ko koren soson wanke-wanke busasshe har ya yi haske, ba tare da ka kankare shi da ƙarfi ba, sannan ka share da tsumma mai tsabta. Ban so a yi amfani da sanfefa mai kaushi, domin tana barin zane da yashi waɗanda ke sa dattin ya dawo da wuri. Idan ka ga tangaran ɗin ya tsage, gogewa ba za ta yi magani ba, sai sabo. Ka mayar da shi yadda ka same shi, ka rufe ƙofa sosai, ka buɗe gas, ka maido wuta.

Na taɓa zuwa gidan wani dattijo ɗan ƙasarmu cikin watan Janairu, na tarar da shi da matarsa da jikoki sun dunƙule a falo cikin barguna, tururi na fita daga bakinsu idan suna magana. Kwana biyu suka yi a haka, domin wani ya ce musu allon ne ya ƙone kuma suna haɗa kuɗinsa. Da na zaro ƙarfen na kai shi gaban tocila, sai ga shi fari fat kamar an barbaɗa masa toka. Gogewar ba ta kai minti biyu ba. Da wutar ta kama ta tsaya, dattijon ya ɗora tafin hannunsa a kan ramin iskar da ke ƙasan falo yana jira, har ɗumin ya fara fitowa, bai ce komai ba sai hamdala. Abin ya daɗe yana damuna, domin kwana biyu cikin irin wannan sanyi ga mai shekaru ba ƙaramin haɗari ba ne.

Idan kuwa ka leƙa ba ka ga ja ba sam, fanka na juyawa, aka yi ƙas, amma cikin duhu ne, to ƙyastu ne abin zargi. Irin na da, wanda aka yi da wani baƙin dutse mai ƙyalli, yana tsagewa bayan 'yan shekaru, kuma sau da yawa za ka hango tsagar a matsayin ɗan farin tabo a jikinsa. Mu mukan tabbatar da mitar awon wuta ta hannu, domin wani lokaci ƙyastun lafiyarsa ƙalau, allon ne ba ya aika masa wuta. Canza shi ba wuya, amma wutar da ke bi ta cikinsa a yawancin injuna ta bolt 120 ce, kuma dole sabon ya dace da injin, ya kuma zauna daidai inda gas zai taɓa shi. Ga wanda bai saba da aikin lantarki ba, shawarata ya bar wa mai gyara. Abin da za ka yi shi ne ka sake kiran kamfanin ka gaya musu abin da ka gani tare da lambar samfurin injin, domin su zo da kayan a mota, kada a yi zuwa biyu.

Idan ƙyastu ya yi ja, aka yi ƙas, amma wuta ba ta kama ba, gas ne bai iso ba. Ka duba hannun bawul ɗin bututu: idan yana kwance tare da bututun a buɗe yake, idan ya gitta a rufe yake. Ka gwada murhun kicin idan na gas ne, ka kuma duba ko ruwan zafi na zuwa. Idan duk sun mutu, matsalar daga waje take, kuma tunda sabon gida ne, ka tabbata an mayar da asusun gas zuwa sunanka, domin na sha ganin an yanke wa sababbin masu gida saboda asusun tsohon mai gidan ya rufe. A jikin bawul ɗin cikin injin ma akwai ɗan makunni ko marfi mai rubutun ON da OFF, wanda wani lokaci mai duba gida ko mai gyara yakan mance a kashe. In duk waɗannan daidai suke, to bawul ɗin ne ko allon, kuma nan hannunka ya tsaya.

Abubuwa biyu da za ka duba ko da ba su ne ba

Na farko matacin iska ne, filta. Yana cikin wata tsaga tsakanin babban bututun da ke dawo da iska da gindin injin. Ka zaro shi ka ɗaga shi gaban fitila. Idan haske ba ya ratsawa, ya toshe. Filta mai datti yana hana iska wucewa, injin ya yi zafi fiye da kima, makunnin kariya ya kashe wutar. Alamarsa ta ɗan bambanta da taka, domin injin yakan ci na wasu mintuna kafin ya mutu, babbar fanka kuma ta ci gaba da hura iska mai sanyi. Duk da haka, a gidan da aka saya kwanan nan babu wanda ya san yaushe rabon da a canza shi. Girmansa na rubuce a gefensa, kuɗinsa kaɗan ne, kuma kibiyar da ke jikinsa tana fuskantar injin. Mai kaurin inci ɗaya ana canza shi duk wata ɗaya zuwa uku.

Na biyu bututun hayaƙi ne. Idan na injinka farin roba ne da ya fita ta bangon gefen gida, to injin daga cikin masu tsimin gas ne, waɗanda ke mayar da kashi 90 cikin ɗari ko fiye na gas zuwa ɗumi. Ka zagaya waje ka duba bakin bututun, ko dusar ƙanƙara ta binne shi, ko ƙanƙara ta daskare a ciki, ko ganye da sheƙar tsuntsu sun toshe shi. Na taɓa ciro ƙwallon wasan yara daga irin wannan bututu bayan na ɓata awa guda ina zargin makunni. Irin waɗannan injuna kuma suna fitar da ruwa yayin aiki, wanda ke bi ta siririn tiyo zuwa magudana ko zuwa ɗan famfo a ƙasa. Idan tiyon ya toshe ko famfon ya mutu, ruwan yakan koma ciki ya hana injin tashi. Ruwa kwance a gindin injin, ko ƙarar kurkurar ruwa a cikin fankar hayaƙi, alamarsa ke nan.

Ga wanda injinsa bai motsa ko kaɗan ba

Wasu masu karatu nasu shiru ne gaba ɗaya. Su fara da tamostat: yana kan HEAT, lambar da aka saita ta ɗara zafin ɗakin da maki biyar, batir ɗinsa sabo ne. Sai makunnin injin, wanda ya yi kama da na fitila har yara da baƙi sukan kashe shi bisa kuskure, musamman idan yana saman matakalar ɗakin ƙasa. Sai bireka, a kashe ta gaba ɗaya sannan a maido, kuma idan ta sake faɗuwa a bar ta. Sai ƙofar ƙasa ta injin, domin akwai maɓallin da ƙofar ke dannewa, in ba ta zauna daidai ba bayan canza filta, babu abin da zai motsa. Na ƙarshe fis ɗin kan allo, irin na mota, mai amfiya 3 ko 5, wanda yakan ƙone idan an canza tamostat ba tare da an kashe wuta ba. Injunan da suka girmi farkon shekarun 1990 kuma da yawansu suna da ɗan harshen wuta da ke ci dare da rana maimakon ƙyastu. Idan ya mutu, ana bin umarnin da ke manne a jikin injin ne kawai wajen sake kunna shi, bayan an jira aƙalla minti biyar gas ya watse.

Inda ba a sa hannu

Za ka ga bidiyo a intanet ana nuna yadda ake haɗa wayoyin wani makunni da juna domin a tsallake shi injin ya tashi. Mu mukan yi haka na daƙiƙa kaɗan domin gwaji, mita a hannu, muna tsaye a wurin. Barin injin yana aiki a haka ganganci ne da rayukan masu barci a sama, domin kowane makunni a cikinsu an sa shi ne ya hana hayaƙi ko gas ko gobara shiga gida. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗan makunnin da ke kusa da bakunan murhu mai ƙaramin maɓalli a tsakiyarsa. Yana faɗuwa ne idan wuta ta juyo waje maimakon ta shige ciki, abin da ke nuna toshewa ko tsagewar ƙarfen da ke raba hayaƙi da iskar da kuke shaƙa. Idan ka tarar ya faɗi, ko ka ga baƙin hayaƙi da alamar ƙuna a jikin ƙofa da wayoyi, ko wutar tana ci rawaya tana rawa maimakon shuɗiya tsayayya, ka kashe injin ka rufe gas har mai gyara ya zo da na'urar awon hayaƙi. Haka nan kada ka yi ta kashewa da kunnawa sau goma. Sau ɗaya ko biyu domin ka ga inda yake tsayawa ya wadatar.

Daren yau

Idan gogewar ba ta yi ba, ku taru a ɗaki ɗaya, ku rufe ƙofofin sauran, ku toshe ƙasan ƙofa da tawul. Hajiya ta fi kowa buƙatar kulawa, domin jikin tsofaffi da na jarirai yana rasa ɗumi da sauri ba tare da sun yi rawar ɗari sosai ba. Ta sa kaya bisa kaya, hula da safa, ta sha abu mai zafi. Idan awon gidan ya sauka kusa da 50, ni dai zan kai ta da ƙananan yaran gidan 'yan'uwa ko abokan masallaci su kwana, kuma idan ka ga ta fara ruɗewa ko magana na sarƙe mata, asibiti za a nufa. Ruwa yana daskarewa a maki 32 na awon Amurka, amma bututan da ke cikin bangon waje suna kaiwa nan tun ɗakin bai kai ba, saboda haka ka bar famfuna suna ɗigowa, ka buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ka kuma nemo inda ake rufe ruwan gidan gaba ɗaya tun kafin buƙata ta taso.

Ka sake kiran kamfanin ka faɗa musu ƙarara cewa babu ɗumi ko kaɗan, akwai tsohuwa da ƙananan yara, domin irin wannan kira ana sa shi gaba, kuma babu laifi ka kira wani kamfani na biyu mai lasisi. Ka duba takardun sayen gidan ko an haɗa maka da garantin gyaran kayan gida, domin in akwai, su ake fara kira. Masu ƙaramin ƙarfi za su iya kiran 211, layin neman taimakon jama'a, su tambayi LIHEAP, wato tallafin gwamnati na kuɗin ɗumama gida, wanda a jihohi da dama yake taimakawa a irin wannan gaggawa. 'Yan haya kuwa kada su buɗe injin, hakkin mai gida ne; a birnin New York, misali, doka ta wajabta ɗumi daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, kuma ana kai ƙara ta lambar 311.

Malam, duk wannan na gina shi ne a kan kunnenka, ban ga injin da idona ba, kuma akwai laifuffuka irin na allo da na rashin kyakkyawar wayar da ke sauke wutar lantarki ƙasa da ke kwaikwayon dattin ƙarfen shaida, waɗanda sai da mita ake raba su. Bayanin kuma na injin gas mai hura iska ne, bai shafi mai dafa ruwa ya aika cikin ƙarafan ɗaki ba, ko mai aiki da man ɗumama mai kama da dizal, ko mai aiki da lantarki zalla. Ko da gogewar ta yi aiki gidan ya yi ɗumi a daren nan, kada ka soke zuwan mai gyaran gobe: injin da ba ka san tarihinsa ba yana buƙatar a auna hayaƙinsa, a leƙa ƙarfen cikinsa, a gaya maka shekarunsa daga lambar da ke jikinsa, domin galibinsu shekara 15 zuwa 20 suke yi. Idan kuma ka leƙa ka ga abin da bai yi daidai da ɗaya daga cikin ukun nan ba, ka turo mini sunan kamfanin injin, da lambar samfurin da ke manne a bangon ciki kusa da bakunan murhu, da adadin ƙyaftawar fitilar, da abin da idonka ya gani tun daga tashin fanka har zuwa shirun.